Dogo da Hankali: Shekara Takwas a Ƙarƙashin Kwando

Sai da na shekara 16 a duniya kafin na gamu da mutumin da ya kalli tsawona bai yi dariya ba. A ƙauyenmu, arewa da Gumel, kan hanyar da ake kora shanu zuwa Maigatari, ba wanda ya damu da sunan da aka raɗa mini. Dogo nake. Yara in sun so tsokana su ce Falwaya ko Raƙumi. In na wuce bakin rijiya sai wata tsohuwa ta ce, "Dogo da hankali dace ne," sauran su tuntsire. Kakata ta wajen uba ta fi kowa, tunda wasan jika ya ba ta dama: ta ce ita ba ta auren mijin da sai an kafa tsani kafin a yi masa raɗa.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunana, magana ma sai ta kawar da kai take yi mini. Amma duk wandon da na sa har na gama firamare ita ce ta ƙara masa ƙyalle a ƙafa, da dare, a gaban aci-balbal, da duk irin yadin da ta samu. Akwai wandon makarantata da ya ƙare da hawa uku, kowane hawa da launinsa.

Ƙofar zaurenmu gajera ce. Kakanmu ya gina ta daidai tsawonsa, ya ɗora azara. Goshina ya san azarar nan kamar yunwar cikina. Na taɓa roƙon Baba a ɗaga ta ko da taki ɗaya ne. Bai ko ɗago daga igiyar da yake tufka ba ya ce, "Gidan mutane da sunkuyo ake shigarsa."

A 2003, ina aji huɗu a makarantar kwana, aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa daga Binuwai. Kofa muke ce masa, in malamai na kusa mu ce Malam Kofa. Ranar da ya fara ganina ina layin abinci riƙe da kwano. Ya tsaya ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa kamar mai taya sa a kara. Na jira dariyar, ba ta zo ba. Ya ja ni jikin bango ya auna ni da doguwar rular allo, ƙafa 6 da inci 5, sannan ya kai ni bayan ɗakin gwaje-gwaje, inda wani tsohon daɓen siminti yake, ya farfashe, awakin malamai na kwana a kai. Akwai turken ƙarfe ɗaya da ruɓaɓɓen allo da zobe a karkace. Shekara uku ina wucewa ta wurin ban taɓa tambayar amfaninsa ba.

Ya ce in yi tsalle in taɓa zoben. Na taɓa, har na kama shi da hannu biyu na yi lilo. Ya ce zoben nan na ƙwallon kwando ne, ƙafa 10 ne daga ƙasa, haka yake a ko'ina a duniya tun 1891, lokacin da wani malamin motsa jiki, James Naismith, ya kafe kwandunan 'ya'yan itace a wata makaranta a Amurka don ɗalibansa su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin sanyi. Ya ce mutane na shekara da shekaru suna atisaye don hannunsu ya kai inda nawa ya kai ba takalmi. Ranar ban yi barci ba.

Koyon kuwa ban ji da daɗi ba. Da an ba ni ƙwallo sai in rungume ta in zura da gudu kamar wanda ya saci kaza, shi kuma ya busa usur ya ce na yi tafiya. Ba a wuce taku biyu da ƙwallo a hannu, sai dai kana buga ta a ƙasa. Wata uku ina koyon wannan kaɗai, da ƙwallon roba guda ɗaya mai ƙari a gefe, wadda in ka buga ta gabas sai ta dawo ta kudu. Sai kuma maganar hagu. Ni da aka tashe ni da ranƙwashi in na miƙa hannun hagu cikin akushi, yau ga wani yana ɗaure mini dama a baya da ɗankwali yana cewa in yi komai da hagu.

Shi ya fara nuna mini Hakeem Olajuwon a wani tsohon kaset ɗin bidiyo da ya zo da shi. Ɗan Legas, mai tsaron raga a ƙwallon ƙafa, wanda shi ma bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya zama saurayi. Houston Rockets suka ɗauke shi na farko a zaɓen 'yan wasa na 1984, ya ci musu kofin NBA, babbar gasar Amurka, a 1994 da 1995. Abin da ya tsaya mini a rai ba kofin ba ne, ƙafafunsa ne. Mutum kamar bishiyar giginya amma yana juyi kamar mai rawar ƙoroso, ya yi kamar zai bi dama, mai tsaronsa ya tafi, shi kuwa yana hagu. Kofa, duk da shi Kirista ne, shi ya gaya mini mutumin nan da azumi a bakinsa yake buga wasa, kuma a Fabrairun 1995, cikin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon watan.

Da wannan na tunkari Baba da hutu. Na durƙusa a zaure na ce, "Baba, akwai wani Musulmi ɗan ƙasar nan da ya yi arziki da wasan nan a Amurka, har ya sayi tsohon ginin banki ya mai da shi masallaci."

"Shi ma da gajeren wando yake yi?"

"E, Baba."

"To Allah ya shirye ku, kai da shi."

Daga baya ya kafa sharaɗi biyu: wandona ya rufe gwiwa, kuma damina a gona za ta same ni. Na farkon bai ba ni wahala ba, don a shekarun nan dogayen wanduna ake yayi a wasan. Na biyun ne na kasa riƙewa.

Da na gama sakandare a 2006 na tafi Kano wajen Kawu a Kurna. Da rana ina dakon buhunan riɗi da wake a Dawanau, da asuba kuma in hau acaɓa, gwiwoyina na neman kunnen ɗan acaɓar, zuwa filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata. A can na gane ashe ni makaho ne da ya yi sarauta a garin da ba kowa. Na ga 'yan Kano Pillars suna atisaye, na ga waɗanda suka fi ni tsawo, na ga gajeru waɗanda za su karɓe ƙwallo a hannunka ka ci gaba da buga iska ba ka sani ba. Na zauna a gefe mako biyu kafin wani ya ce, "Kai ɗan ƙauye, shigo cike mana biyar."

Takalmi ya fi komai ba ni wuya. Lamba 49 nake sawa. Na zagaye 'yan gwanjon Ƙofar Wambai rumfa-rumfa, kowa ya kalli ƙafata ya ce sai dai in je wajen masu sassaƙa kwalekwale. Wani dattijo ne ya tausaya, ya ce duk dilar da ya kwance zai duba mini. Bayan wata biyu ya samo kambas, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya koɗewa, ya sayar mini kuɗin da ya saya. Shekara biyu na yi da shi. Mai gyaran takalmin bakin tashar Kurna ya ɗinke shi har ya ce in na sake kawowa zare zai fi takalmin yawa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

A 2008 wani mutum ya fara zuwa bakin fili, da jaka a rataye da waya biyu. Ya ce shi wakili ne, yana kai yara makarantun Amurka su yi karatu kyauta suna buga wasa. Hanyar kuwa gaskiya ce, akwai waɗanda suka bi ta suka tsira, shi ya sa ƙaryarsa ta shiga. Ya auna ni, na kai ƙafa 6 da inci 8. Ya tambayi shekaruna na ce 21. Ya girgiza kai ya ce mai 21 tsoho ne, Turawa ɗan 17 suke so, wanda za su iya lanƙwasawa. Ya ce a gyara. Ya ce kowa haka yake yi.

Baba yana da wani tsohon littafin fiƙihu da yake rubuta haihuwar kowane ɗa a bayan bangonsa, da ajami, rana da wata da shekara. Na san layina, shi ne na farko, da tawadar da ta fara ja don tsufa. Duk da haka na bi mutumin nan, aka samo wani dattijo da ban taɓa gani ba, aka biya shi ya tsaya a matsayin kawuna ya rantse cewa a gabansa aka haife ni a 1991. Na sa hannu. Har yau ina jin nauyin biron nan.

Sai kuɗi: naira dubu 180, na fasfo da biza da "hidima". Na je gida na faɗa wa Baba rabin labarin, rabin mai daɗi. Muna da shanun huɗa biyu, fari da baƙi, su ke jan garma, su ke jan amalanke, har maƙwabta a yi musu huɗa a biya. Wanda ya san noma ya san sa ɗaya ba ya huɗa. Baba ya yi kwana uku bai ce komai ba. Ranar Alhamis da sassafe na ji yana kwance farin daga turke. Na bi shi Maigatari a ƙafa, yana gaba da igiya ina baya da sanda. Dillalai suka buɗe bakin san, suka tattaɓa tozonsa, aka yi ciniki cikin hannun riga. Baba ya ƙirga kuɗin sau biyu, Inna ta cika da na awakinta uku, ta aiko ƙanwata ta ba ni ƙulle a leda, ita ba ta fito ba.

Legas aka ce mu haɗu. Mu huɗu ya tara a wani ɗaki, ni da wani ɗan Jos da 'yan kudu biyu. Ya karɓi kuɗi da fasfo ya ce jibi za a kira mu ofishin jakadanci. Jibin nan ta zama mako uku. Wayarsa ta farko ta daina shiga, ta biyu ta bi sahu, mai ɗakin ya zo ya ce kuɗin da aka biya ya ƙare.

Na kira wayar mai shagon ƙauyenmu aka kai wa Baba. Na ce ofishin jakadanci ne suka hana biza, kuma ba sa mai da kuɗi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri. Kana cin abinci?" Daminar nan da hauya suka yi huɗa, shi da ƙannena, rabin gonar ya kwana ba shuka. Ni kuwa na kasa komawa. Na laɓe wajen 'yan uwanmu masu sayar da albasa a Mile 12, ina sauke musu kaya, da yamma in je filayen waje na babban filin wasa na Surulere, don a nan kaɗai nake mantawa.

A nan wani koci daga Arewa ya gan ni. Ba jifa ta burge shi ba, ba ni da ita. Ya ce ya lura duk ƙwallon da ta ƙi shiga, a hannuna take ƙarewa. Abu na farko da na gaya masa shi ne shekaruna na gaskiya. Ya yi dariya ya ce, "Kai ne ɗan wasa na farko da ya ƙara wa kansa shekaru a gabana." A 2009 na sa hannu a kwantiragin farko, da wata ƙungiya a rukunin Savannah, wato ɓangaren Arewa na babbar gasar ƙasa, 'yan kudu kuma suna rukunin Atlantic. Albashi dubu 25 a wata, in ya zo.

Mutane suna tsammanin aikin dogo shi ne danki, ya tashi sama ya dankara ƙwallo a zobe jama'a su yi ihu. Wannan a wasa ɗaya sau biyu ne in an yi sa'a. Aikin senta, wato dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando, dako ne, bai da bambanci da Dawanau. Ka tokare ƙato da bayanka don kada ya riga ka ribawun, wato cafke ƙwallon da ta ƙi shiga. Ka tsaya kamar katanga abokinka ya goga mai tsaronsa a jikinka ya kuɓuce, shi ya ci maki uku a tafa masa, kai ka tafi da gwiwar hannun wani a haƙarƙari. Ba ka da ikon wuce daƙiƙa 3 a cikin akwatin da ke ƙarƙashin kwandon abokan gaba, ƙungiya tana da daƙiƙa 24 ta yi jifa, kuma fawul biyar ka koma benci. A shekarata ta farko kusan kowane wasa kafin a shiga zango na huɗu na riga na cinye biyar ɗina, don duk wanda ya taso sai in kai masa duka kamar mai kakkaɓe mangwaro. Koci ya ce, "Dogo, tsaya ka ɗaga hannu kawai. Allah ya riga ya yi maka rabin aikin." Shekara biyu na ɗauka kafin na yarda.

Tafiye-tafiyen ba na son tunawa. Bas mai cin mutum 18, an cika ta da ƙatti 14 da jakunkuna, daga Arewa zuwa Legas, ƙafafuna a miƙe a tsakiyar hanya ana tsallakewa. A masauki gado bai taɓa isata ba, kujera nake karawa a ƙarshe. Akwai shekarar da muka yi wata biyar ba albashi a wata ƙungiya, muna cin bashin mai shayi, ranar wasa kuma a zo a ce mu daure mu fitar da jiha kunya.

Duk da haka a 2011 na haɗa kuɗin sa hannu da abin da na samu a wata ƙungiya ta ƙetaren iyaka da ta are ni na wata biyu, na je Maigatari ni kaɗai na sayi sa, fari, har ya fi wancan ƙiba. Na ja shi har ƙofar gida. Baba ya fito ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa wuyansa ya ce, "Ya yi." Ya ɗaure shi kusa da baƙin. Na yi zaton da wannan magana ta mutu. Na yi wa gidan kwano, na aurar da ƙannena biyu, na biya wa autanmu kuɗin makaranta. Tsofaffin bakin rijiya suka koma cewa "Alhaji Dogo" alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Amma duk zuwan da zan yi, ta bayan gida nake zagayawa don kada in bi ta gaban turken.

Wasa ɗaya zan ba da labari. A zauren wasanni na Surulere ne, a zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. Ana binmu da maki ɗaya, saura daƙiƙa 4, abokina ya jefa ta daki zobe, na cafke, aka rungume ni da gangan, don kowa a gasar ya san firi-turo, jifar da ake ba wanda aka yi wa fawul, shi ne rauni na. Na tsaya a layin. Taku kaɗan ne tsakaninka da kwando, ba mai tsaronka, kuma babu jifa mai wuya irinta. Zauren ya ɗauki ihu da Yarabanci da Turancin buroka, wani yana buga gwangwani. Na yi yadda na saba yi sau 200 kowace safiya: bugu uku a ƙasa, bisimilla, gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo. Ta farko ta shiga ko raga ba ta motsa ba. Ta biyu na ji tun tana barin yatsuna cewa ta yi ƙarfi. Ta daki bayan zobe ta fito. Aka ƙara minti 5, suka cinye mu. Mutanen garinmu in suna ba da labarin nan cewa suke duka biyun suka shiga, na gaji da gyara musu.

Rigar ƙasa ban taɓa sawa ba. A 2012 muna ɗakin kwananmu muka kalli Amurka ta yi wa D'Tigers, ƙungiyar maza ta Najeriya, 156 da 73 a gasar Olamfik ta Landan, ba wanda ya iya cin abincin dare. A ƙarshen Agustan 2015 kuma muka kalli yadda suka doke Angola 74 da 65 a Tunisiya suka ɗauki kofin Afirka karo na farko, aka ba Chamberlain Oguchi gwarzon gasar. Mun yi tsalle har muka karya gado. Yawancinsu a waje aka haife su ko a can suka yi makaranta, wasu abokaina suna jin haushin haka. Ni ban ji ba. Na ga ƙafafunsu, na san yaron da aka fara koya wa yana ɗan shekara 7 a kan katako mai sheƙi ba sa'an wanda ya fara a 16 a makwancin awaki ba ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne irina nawa ne ke bin shanu tsakanin Gumel da Haɗeja waɗanda ba kofan da ya gan su a layin abinci. Masai Ujiri ma, wanda ya jagoranci Toronto Raptors suka ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, a filayen can ya koya.

A 2016 na tashi ribawun na sauka a kan ƙafar wani. Na ji ƙas a cikin gwiwar dama, kamar an karya karan dawa. Wautar farko tawa ce: na ƙi asibiti na tafi wajen mai ɗori, ya ja, ya murɗa, ya ɗaure da kara. Ba laifinsa, ƙashi ya sani, kuma ƙashina lafiya lau. Sai bayan wata biyu, da gwiwar ta riƙa zamewa ina cikin tafiya, na je Kano aka shigar da ni na'urar hoto. Likita ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa ta ciki ce ta tsinke, ba ta haɗuwa da kanta, sai tiyata, sannan kusan shekara ana gashi da motsa ƙafa. Ya faɗi kuɗin. Ƙungiyar da nake yi wa wasa suka ce za su duba, daga nan wayata ta daina samunsu. Abokan wasa suka yi karo-karo, Allah ya saka musu, bai kai sulusi ba. Ina da shekara 29, na gaskiya.

Na sauka daga mota a bakin titi, amalanken gidanmu ta ɗauko ni, farin da baƙin ke ja. A ƙofar zaure na tsaya. Sunkuyon da na yi shekara da shekaru ina yi sai an lanƙwasa gwiwa, tawa kuwa a ɗaure take, ga sanda a hammata. Na gwada ta gefe, na gwada da baya. A ƙarshe zama na yi a ƙasa na ja gindi na shiga gidan ubana, yara na kallo. Baba yana zaune a kan buzunsa. Bai ce komai ba sai sannu.

Bayan sallar isha'i, daga ni sai shi, na ce, "Baba, akwai maganar da na ɓoye maka shekara takwas." Na faɗa masa duka, mutumin, da kawun haya, da rantsuwar, da ƙaryar ofishin jakadanci. Ya bar ni na kai aya. Sannan ya ce, "Maganar kuɗin na sani. Tun zuwanka na farko na ga ba ka iya kallon turke. Wanda aka hana biza ba ya jin kunyar sa." Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da littafin nan, ya haska tocila a bayan bango, ya ɗora yatsa a layin farko. "Wannan ce ban sani ba. Daren nan ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ni na je na taso ungozoma a kan jaki. Shi wanda ya rantse, yana ina a daren?" Ban taɓa jin muryarsa ta yi rawa ba sai ranar. Ya ce in yi istigfari, in kuma je in gyara takardar ko nawa za ta ci. Na gyara, ta ci wata bakwai da tumaki biyu.

Kwana uku bayan maganar nan na farka da ƙarar diga. Magini ne a kan zaure, an sauke azarar. Baba yana tsaye yana nuna masa da sanda inda za a mai da ita. Da ya gan ni sai ya ce wa maginin, ba ni ba, "Amalanke ce ba ta shiga da kaya."

Amalanke ba ta taɓa shiga ta zaure ba, ƙofarta daban a baya.

Yanzu riɗi nake nomawa da zoɓo, na yi aure, 'ya'ya uku. Gwiwar tana gaya mini zuwan hunturu kafin kowa ya sani. A bayan firamaren garinmu na kafa turke, wani mai walda a Gumel ya lanƙwasa mini rodi ya yi zobe mai faɗin inci 18, na auna ƙafa 10 da kaina. Ƙasa ce ba siminti ba, mun daɓe ta da makuba. Babban abokin gabarmu tsidau ne, duk mako biyu sai na kai ƙwallo wajen mai faci, har ya daina karɓar kuɗina.

Cikin yaran akwai 'yar ƙanwata, shekararta 13, ta riga ta fi uwarta tsawo, ana ce mata Zaƙwairo a bakin rijiyar nan dai. Da farko tana tsayawa ne daga nesa da tallan gyaɗa a ka. Wata rana ƙwallo ta gangara wajenta, ta ajiye farantin ta jefo ta da hannu ɗaya, da hagu, ta shiga. Na ce ta sake. Cikin goma ta ci shida.

Na je wajen mahaifinta. Na gaya masa matan Najeriya, D'Tigress, sun kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik ta Faris a 2024, abin da ba wata ƙungiyar Afirka, maza ko mata, da ta taɓa yi. Na gaya masa tun 2017 hukumar wasan ta duniya ta yarda mace ta buga da kanta a rufe, ga dogon wando ga riga mai hannu. Ya saurare ni har ƙarshe, don ni yayan matarsa ne. Ya ce, "Yaya, ba na ƙi ta taka ba ne. Amma kai da ka je, me ka dawo da shi?"

Na ce masa zan dawo ranar Juma'a bayan an sauko. Kafin nan na sa ta taka kwali na zana ƙafarta da gawayi, lamba 43 ce, na ba direban da ke zuwa Kano ya kai wa dattijon nan na Ƙofar Wambai, in yana raye.